Yaron da ke ƙin cin abinci: ɗura ce magani ko dabara?

Cikin dukan tambayoyin da uwaye mata ke aiko mana a shirye-shiryen rediyo na kiwon lafiyar iyali, akwai guda da ba ta taɓa ƙarewa, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai: yaro ya shiga shekara ta biyu ko ta uku, ya yi ƙememe ya ƙi abinci. An dama kunu ya kau da kai, an tuƙa tuwo ya rufe baki, an ba shi shinkafa ya tsince wake ya zubar, in aka matsa masa ya kife kwanon ya kwanta ƙasa yana birgima. Uwa ta rasa inda za ta sa kanta, kaka ta ce an sangarta shi, mai gida kuma ya dawo da dare ya tambaya me ya sa yaron nan bai yin ƙiba.

A wata ƙasa ana iya ɗaukar wannan a matsayin rigimar cikin gida kawai. A nan Nijar ba haka abin yake ba, domin mun san tamowa, mun ga abin da take yi. A shekarar 2005 kaɗai, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Uwar da ta ga ɗanta ya ƙi ci, tsoronta yana da dalili. To amma tsoron nan shi ne kuma ke sa a yi wa yaro abubuwan da suka fi ƙin cin illa. Shi ya sa ya kamata a rarrabe abu biyu: yaron da ke zaɓen abinci da taurin kai alhali lafiyarsa lau, da yaron da rashin lafiya ta ɗauke wa sha'awar ci.

Me ke faruwa a shekara ta biyu?

Jariri yakan zo duniya da nauyin kilo 3 ko kusa da haka. Kafin ya cika shekara guda nauyin ya ninka sau uku, ya kai kilo 9 ko 10. Wannan girma ne na gaggawa, shi ya sa jariri ke cin duk abin da aka kai bakinsa. A shekara ta biyu kuwa, abin da zai ƙara duka bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Jiki ya rage saurin gini, sai yunwa ma ta ragu. Uwa tana auna cin yau da cin bara, sai ta ga kamar yaro ya lalace, alhali jikinsa ne ya canza lissafi. Kuma cikin yaro ɗan wata 12 zuwa 23 bai ɗaukar abin da ya wuce kofi guda mai kwatan lita, ko ɗan fiye kaɗan, a zama ɗaya. Wanda ya cika masa kwano irin na yayansa ɗan shekara 7 ya ce sai ya cinye, shi ya janyo rigimar.

Sai abu na biyu. A wannan lokaci ne yaro ke gano cewa shi mutum ne daban da uwarsa, yana da nasa "a'a". Ba shi da iko kan lokacin wanka, ba shi da iko kan rigar da za a sa masa, an goya shi an sauke shi ba a tambaye shi ba. Wuri guda da ba wanda ya isa ya shiga sai da yardarsa shi ne bakinsa. Yaro mai kafiya yana gane wannan da wuri, kuma in ya ga rufe baki na sa gida duka ya taru a kansa, inna na lallashi, goggo na faɗa, kaka na waƙa, to ya samu wasan da ya fi tuwo daɗi.

Na uku, gudun baƙon abinci. Masana halayyar yara sun daɗe da lura cewa daga wajen shekara 2 har zuwa 6 yawancin yara na ƙyamar abin da ba su saba gani ba, musamman ganye da duk abin da ke da ɗan ɗaci. Wasu na ganin kariya ce: daidai lokacin da yaro ya fara tafiya yana tsintar abubuwa a ƙasa, sai jikinsa ya koya masa tsoron abin da bai sani ba. Ba hali ne na ɗan wance kaɗai ba, kuma yakan ragu da shekaru.

Abin da bincike ya nuna

Tun cikin shekarun 1920 wata likitar yara a Amurka, Clara Davis, ta yi wani gwaji da har yau ake ambato. Ta ɗauki jarirai 15 da aka yaye, ana ajiye musu abinci kala-kala a ƙananan kwanoni, wajen iri 30 ake juyawa: nama, ƙwai, madara, hatsi, ganye, ƴaƴan itace. An hana masu kula da su nuna musu wani kwano ko matsa musu. Yaro na iya kwana uku yana cin abu ɗaya, sai ya bar shi ya koma wani. Duk da wannan hauka da ake gani a ido, yaran sun girma lafiya. Amma a kula da kyau: cikin kwanonin nan babu alewa, babu biskit, babu sukari. Yaro ya iya zaɓe ne tsakanin abinci mai kyau da abinci mai kyau.

A 1991 wata mai bincike, Leann Birch, da abokan aikinta suka auna duk abin da yara 15 ƴan shekara 2 zuwa 5 suka ci na kwana 6. Daga wannan kalaci zuwa wancan, bambancin yana da yawa ƙwarai: da safe yaro ya ci kamar fara, da rana ya taɓa ya bari. Amma in aka haɗa cin yini gaba ɗaya, bambancin yau da gobe wajen kashi 10 bisa 100 ne kawai. Ma'ana, wanda ya ƙi kalacin rana yakan rama da dare ko da safe. Don haka ba da kwano ɗaya ake yanke wa yaro hukunci ba, sai a dubi cinsa na mako guda.

A wani gwajin kuma na 2006, an ba yara romo iri biyu, ɗaya ana ce musu su cinye, ɗaya an ƙyale su. Wanda aka ƙyale su a kansa shi suka fi sha, wanda aka matsa musu kuwa shi suka fi kushewa. Duk uwar da ta taɓa bin yaro da cokali daga ɗaki zuwa zaure ta san wannan ba sai an gaya mata ba.

Maganar ɗura

A nan ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Ɗura tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa: a kwantar da yaro bisa cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba kunu, a toshe hanci don dole ya buɗe baki ya haɗiye. Masu yi ba mugunta ke sa su ba, so ne da tsoro, kuma sukan ce haka aka yi mana ga mu nan da ranmu. To amma yaron da ke kuka, hanyar numfashinsa a buɗe take. Kunun da aka zuba a lokacin yana iya bin ta ya sauka cikin huhu. Wani ya shaƙe nan take, wani kuma sai bayan kwana biyu zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama su taso, a kai shi likita a ce ciwon huhu ne, ba wanda ya tuna da kunun shekaranjiya. Akwai yaran da suka rasu ta wannan hanya. Wanda ya tsira kuwa ya koyi darasi guda: ƙwarya da ludayi abin tsoro ne. Gobe da ya hango su zai fara ihu, sai a ce ka gani, in ba ɗura ba ya sha. Haka abin ke zagayawa.

Ƙanwar ɗura ita ce tsoratarwa. A ce dodo na zuwa, a ce za a kira mai allura, a ɗauko tsumagiya a ajiye kusa da kwano. Yaro na iya haɗiye loma biyu don tsoro, amma ba zai so abincin ba, sa'annan an ƙara masa tsoron likita wanda zai wahalar da uwar ranar rigakafi. Cin hanci ma bai fi ba: in ka cinye tuwo in ba ka alewa. Abin da yaro ya ji a nan shi ne tuwo wahala ce, alewa ce lada.

Sai kuma siro na sa cin abinci da ake saye a hannun masu tallar magani a kasuwa da bakin titi. Yawancinsu na ɗauke da wani sinadari mai suna siproheptadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne. Yana sa barci da kasala, kuma ba a yarda a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Wasu ƙwayoyin ƙiba kuma na ɗauke da irin magungunan da ke kumbura fuska su raunana garkuwar jiki, uwa ta ga kumatu ta yi murna alhali ruwa ne. Kuɗin kwalba guda da an sayi ƙwai da shi, da ya fi amfani.

Kowa da aikinsa

Wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, ta kawo wata ƙa'ida tun shekarun 1980 wadda likitocin yara da yawa ke aiki da ita. Ta ce aiki ne aka raba biyu. Uwaye su ke da ikon abin da za a ci, da lokacin da za a ci, da wurin da za a ci. Yaro shi ke da ikon ko zai ci, da yawan da zai ci. Rigima na tashi ne in wani ya shiga gonar wani: uwa ta ce sai ka cinye, ko yaro ya ce ba abin da zan ci sai fanke kuma a tashi a sayo masa.

Kada a ɗauka wannan sakaci ne. Hasali ma rabin uwaye shi ya fi wuya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ɗan wata 9 zuwa 23 a ba shi abinci sau 3 zuwa 4 a yini, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2, tare da nonon uwa har shekara 2 ko fiye. To tsakanin waɗannan lokuta, ban da ruwa kada a ba shi kome. A birni nan ne gizo ke saƙa. Baba zai fita ya miƙa dala biyar ko goma, yaro ya ruga shagon unguwa ya sayo alewa da biskit, maƙwabciya ta ba shi ruwan leda mai zaƙi, kawu na shan shayi a ƙofar gida ya ɗan zuba masa. Kafin azahar ƙaramin cikin nan ya cika da sukari. An kawo dambu ya ƙi, sai a ce ba ya cin abinci. Ya ci, ba a dai lissafa ba. A jagorar da OMS ta fitar a 2023 ta ce kada a ba yaran da ba su kai shekara 2 ba abin sha mai sukari, shayi kuma ban da sukarinsa yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Madara ma, duk da amfaninta, in ta wuce rabin lita a yini takan toshe wurin abinci. Hausawa sun ce yunwa maganin muguwar dahuwa. A bar yaro ya zo kwano da ƴar yunwarsa.

In an zauna, a zuba kaɗan, cokali biyu ko uku, in ya cinye a ƙara. A haɗa abin da aka san yana so da ɗan abin da yake ƙi, a ajiye ba tare da dogon bayani ba. Bincike ya nuna yaro na iya buƙatar ganin sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi, mu kuwa sau biyu ko uku muke gwadawa mu ce ai wane ba ya cin zogala, shi ke nan an rufe maganar har ya girma. Ko ya taɓa ya shinshina ya lasa ya tofar, ci gaba ne. A bar shi ya sa hannunsa bayan an wanke da sabuni, ko zai ɓata riga. Mai taurin kai kuma a ba shi zaɓin da duk wanda ya ɗauka uwa ce ta ci riba: kabewa kake so ko dankali? A kwanon ja za ka ci ko a fari? Ya ji shi ya yanke shawara, rigima ta mutu. Bayan minti 20 ko 30, in bai ci ba a ɗauke kwanon ba faɗa ba zagi, kuma kada a tashi a dafa masa wani abu na musamman. Sai lokaci na gaba. Kwanakin farko zai gwada, zai yi kuka ya ga ko dokar za ta karye. In inna ta tsaya amma kaka ta kira shi ɗaki ta ba shi ƙosai a ɓoye, aikin ya rushe. Saboda haka a fara zama da manyan gida a yi magana cikin ladabi, kowa ya san abin da ake ciki.

Muna da wata gata da mutanen Turai ke nema da kuɗi: cin abinci tare. An gwada tun 1980 cewa yaron da aka zaunar cikin yaran da ke cin ganyen da shi yake ƙi, cikin ƴan kwanaki yakan fara ci. Gidajenmu cike suke da yayye da ƴan uwa. Sai dai kwanon tarayya yana da nasa haɗari, domin ƙarami yana ci a hankali, tuwo na ƙona masa hannu, kafin ya kai loma uku manya sun share. Dabara ita ce a zaunar da shi cikinsu amma da nasa ɗan kwano, wata babba na kusa tana kallo, ta haka za a san ainihin abin da ya shiga cikinsa. A ɗebi nasa kafin a zuba tanka da yaji, don sau da yawa abin da ake kira zaɓe zafin barkono ne kawai. A kuma kashe tele, a ajiye salula. Yaron da ake zura wa loma yana kallon hoto bai san ya ci ba, bai kuma san ya ƙoshi ba.

In kaɗan zai ci, kaɗan ɗin ya zama mai ƙarfi

Kunun hatsi tsararo mai ruwa-ruwa yana cika ciki ne ba ya gina jiki. Kunun yaro ya yi kaurin da zai zauna a cokali. A sa masa garin ƙuli-ƙuli ko tunkuza, ko garin wake ko na soja da aka soya, ko madara, da ɗan cokalin mai. Garin Misola da ƙungiyoyin mata ke haɗawa, hatsi ne da soja da gujiya, kuma ana iya kwaikwayonsa a gida. Wata tsohuwar dabara: ɗan garin hatsin da aka tsirar aka shanya, in aka barbaɗa cikin kunu mai kauri yana da ɗumi, sai ya sake ya yi laushin sha ba tare da an ƙara ruwa ba.

Ma'aunin OMS da UNICEF na 2021 ya kasa abincin yara gida 8: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gujiya, madara da nono da cuku, nama da kifi, ƙwai, ganye da ƴaƴan itace masu bitamin A irin su zogala, kabewa, karoti da mangwaro, sai sauran kayan lambu. Ana so yaro ya samu 5 cikin 8 a yini. Ba sai mai kuɗi ba: nono, tuwo, miyar kuka da garin busasshen kifi, ɗan wake da yankan mangwaro, an kai biyar. A nan sai mu ɗan taɓa magidanta. A gidaje da yawa tsokar nama kwanon mai gida take tafiya, yaro sai romo. Wasu wuraren kuma har yanzu ana hana yaro ƙwai wai zai yi sata ko ya daɗe bai yi magana ba. Babu wata hujja a kan haka, kuma ƙwai ɗaya ko ɗan yankin hanta da aka murje ya fi kwano guda na farar shinkafa. Gujiya dai a daka ta, kada a ba ƙaramin yaro ƙwaya-ƙwaya don tana shaƙewa.

Yaye ma yana da hannu cikin wannan matsala. Yaron da aka cire daga nono rana ɗaya, aka shafa ɗaci, aka kai shi gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwa lokaci guda, ba mamaki ya yi fushi da abinci na makonni. In aka rage shan nonon sannu-sannu bayan ya saba da kwano, abin ya fi zuwa da sauƙi.

Lokacin da ba taurin kai ba ne

Duk abin da aka faɗa a sama na yaron da ke wasa ne, yana gudu, yana fitina, nauyinsa na hawa a katin awo. In yaro ya bar ci farat ɗaya, a fara neman ciwo: masassarar cizon sauro, musamman da damina, zawo, ciwon kunne ko maƙogwaro, ƙurajen baki, fitar haƙori, tsutsar ciki, ƙarancin jini. A duba tafin hannunsa da cikin fatar ido, in sun yi fari a je likita. Yaron da ke cin ƙasa shi ma a duba jininsa. Bitamin A da ake ba ƴan wata 6 zuwa 59 duk wata shida, da maganin tsutsa daga shekara guda, kada a bari su wuce. Mara lafiya kuwa ba a ce masa sai lokaci na gaba: a lallashe shi da kaɗan-kaɗan sau da yawa, a ƙara nono, in ya warke a ƙara masa kalaci ɗaya a yini har mako biyu.

Akwai kuma ƙalilan da ƙin cinsu ya wuce na kowa: abinci iri uku ko huɗu kawai suke karɓa wata da watanni, suna kakarin amai da ganin sabon abu, ko suna ƙwarewa duk lokacin haɗiya. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa suka ba mai tsananin irin wannan suna a matsayin ciwo na kansa. Wannan na likita ne, ba na tsumagiya ba.

Hanya mafi sauƙi ta kwantar da hankali ita ce igiyar awon damtse mai launi uku, ta yara ƴan wata 6 zuwa 59. A farkon shekarun 2010 ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka nuna a gundumar Mirriya cewa uwaye mata, ko ba su yi lakol ba, suna iya yin awon da kansu daidai. Kore, wato milimita 125 zuwa sama, babu tamowa mai gaggawa. Rawaya, tsakanin 115 da 125, a je CSI cikin kwanakin nan. Ja, ƙasa da 115, a tafi yau. Haka in aka danna bayan ƙafafu biyu da yatsa na daƙiƙa uku wurin ya lotsa bai taso ba, ko yaro ya ƙi nono da ruwa, ko yana amai da duk abin da ya shiga, ko ya yi laushi ba ya wasa. A CSI za su gwada shi da abincin tamowa na gujiya da ke cikin leda. In ya ci, a gida za a yi jinya ana komawa awo duk mako, in ya kasa ci sai a tura shi CRENI a kwantar da shi tare da uwarsa.